Ina Za Ka Samo Ɗan Kwikwiyo: Mai Kiwo Na Ƙwarai, Gidan Ceto, Haihuwar Gida Ko Dillali?

Duk ɗan kwikwiyo kyakkyawa ne a hoto. Wanda aka haifa a ɗaki mai tsabta kusa da mutane, da wanda aka haifa a keji cikin kashi da fitsari, idan aka yi musu wanka aka ɗora su a kan farin tawul, ba mai iya bambance su ta fuskar waya. Shi ya sa mai neman kare yake rikicewa. Ga mai kiwo ya ce sai an jira watanni, kuɗinsa kuma ya ninka na kowa. Ga wani a intanet ya ce yau ma sai ya kawo maka har ƙofar gida. Ga gidan ceto cike da karnukan da ke neman mai riƙo, ga kuma wani da ka sani karyarsa ta haihu, yana neman wanda zai rage masa nauyi.

Abin da za ka biya kuɗinsa abu biyu ne da hoto ba ya nunawa: iyayen da suka haifi kwikwiyon, da makonni takwas na farkon rayuwarsa. Iyayen su ne tushen yawancin cututtukan da zai gada, makonnin nan kuma a cikinsu ake aza halinsa. Kafin hannunka ya taɓa shi, duka biyun an gama su. Kare kuwa yakan yi shekara 10 zuwa 13, ƙanana har 15 ko fiye, saboda haka zaɓin rana ɗaya ne za ka zauna da shi fiye da shekara goma.

Ma'aunan da za a ɗora kowa a kai

Na farko gadon lafiya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, cuta ma haka take bin jini, kuma kowane jinsi da tasa. Jaman Shefad, Labrado da Rotwaila suna fama da gocewar gaɓar ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a kwarminsa. Kwikwiyon zai yi ta tsalle-tsalle lafiya lau, sai daga baya a ga ya fara ɗingishi yana shan wuyar tashi. Kavaliya ciwon zuciya ne matsalarsa, Dalmeshan kurumta, Buldog wahalar numfashi saboda gajartar hanci. Wasu Koli kuma suna ɗauke da wata ƙwayar gado da ake kira MDR1, wadda ke sa wasu magunguna, har da wani maganin tsutsa idan aka ba da shi da yawa, su zame musu guba. Yawancin waɗannan ana iya gano su a jikin iyaye tun kafin a yi barbara. A Amurka, gidauniyar OFA da aka kafa a 1966 tana duba hoton ƙashin ƙugu, kuma ba ta ba da cikakkiyar shaida sai kare ya cika wata 24. Tsarin PennHIP yana iya aunawa tun daga mako 16. A Birtaniya ana ba ƙugu maki daga 0 zuwa 106 bayan kare ya shekara ɗaya, kuma ƙarancin makin shi ne alheri.

A nan mutane da yawa suke ruɗuwa. «Likita ya duba shi» na nufin an saurari zuciyarsa an duba idonsa a ranar, ba ya faɗin komai kan abin da ke cikin jininsa. Takardar asali kuma, wadda ƙungiyoyi irin su Kennel Club ta Birtaniya ko AKC ta Amurka ke bayarwa, sunayen iyaye da kakanni take lissafawa. Kare mai ruɓaɓɓen ƙugu yana iya samun takardar asali mai hatimi.

Na biyu tarbiyyar farko. Daga mako na 3 zuwa wajen mako na 12, ƙwaƙwalwar kwikwiyo tana karɓar duk abin da ya gani a matsayin abin duniya na yau da kullum: hannun mutum, muryar yara, ƙarar injin, buɗe ƙofa da rufewa. Bayan nan tsoro ke rinjaye. An san wannan tun daga dogon binciken da John Paul Scott da John Fuller suka jagoranta a ɗakin bincike na Jackson da ke jihar Maine ta Amurka, wanda aka tattara sakamakonsa a 1965. A can aka ga cewa kwikwiyon da ya kai mako 14 bai yi mu'amala da mutum ba, da wuya ya saki jiki da mutane har abada. A wajen uwarsa da ƴan uwansa kuma yake koyon sassauta cizo: ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan, gobe sai ya rage. Dalilin da ya sa ba a raba shi da su kafin mako takwas ke nan, kuma a Ingila da jihohin Amurka da dama doka ce ta hana.

Na uku haɗarin cuta a kwanakin farko, musamman fabo, cutar da ta ɓulla a karnuka a 1978. Tana kawo amai da zawon jini, tana iya kashe kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan, ƙwayarta kuma tana daɗewa watanni a ƙasa da jikin keji. Mugun abin da ke tattare da ita shi ne takan yi kamar kwana uku zuwa bakwai a jiki kafin ta bayyana, don haka kwikwiyon da ya kamu zai iya zuwa hannunka yana wasa. Rigakafinta ana fara shi a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako biyu zuwa huɗu har ya kai mako 16. Allura ɗaya ba ta wadatar ba, domin garkuwar da ya sha a nonon uwa tana iya hana allurar farko aiki. Ta haukan kare kuwa sai ya kai mako 12.

Sauran ma'aunan ba sa buƙatar dogon bayani: kuɗin ranar saye da kuɗin da zai biyo baya, sauƙin samu da tsawon jira, da kuma wanda za ka koma wa idan abu ya lalace. A kan kuɗi dai a riƙe wannan: abinci, rigakafi, maganin kaska da ƙuma da kuɗin likita na shekara goma sun ninka kuɗin saye sau da yawa, kuma tiyatar ƙugu guda ɗaya tana iya cinye duk rangwamen da aka samu ranar ciniki har ta nemi ƙari.

Mai kiwo na ƙwarai

Alamarsa ta farko ita ce zai gajiyar da kai da tambaya. Wa ke gida da rana? Akwai yara, shekarunsu nawa? Gidan haya ne, mai gidan ya yarda? Ka taɓa riƙe kare, ina ya ƙare? Wasu masu saye sukan ji haushi, su ce da kuɗinsu ake yi musu tambayar ƴan sanda. Ni a ganina wanda bai tambaye ka komai ba sai lambar da zai tura maka ta biyan kuɗi, shi ne abin tsoro.

Irin wannan mai kiwo yakan tsaya kan jinsi ɗaya ko biyu, kuma ba kullum yake da ƴan kwikwiyo a ƙasa ba. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka, sai mako takwas na reno, ita ma karyar ana ba ta hutu. Kennel Club ba ta yi wa ƴaƴan karya rajista fiye da haihuwa huɗu, ko idan an yi mata barbara ba ta kai shekara ɗaya ba, ko ta cika shekara takwas lokacin haihuwa, ko an riga an yi mata tiyatar cire ƴaƴa sau biyu. Ko ba a ƙasar da wannan ƙa'ida ke aiki kake ba, ma'auni ne mai kyau da za ka yi tambaya da shi.

Ka je gidan da ƙafarka, kuma ka fi zuba ido a kan uwar fiye da ƴaƴan. Karya mai shayarwa ba ta ɓoyuwa: nonuwanta a sake suke, ta ɗan faɗa, gashinta ya yi sako-sako, kuma ko tana gaishe ka kunnenta na wajen ƴaƴanta. Ɗaya ya yi ƙara za ta waiwaya. Su ma ƴaƴan za su bi ta suna cusa kai a cikinta. Idan aka fito maka da wata karya sumul, cikinta a ɗame, ta shinshina ƴan kwikwiyon ta kau da kai kamar ba ta san su ba, to akwai alamar aro aka yi don a nuna maka. Dillalai sun san an koya wa mutane su nemi ganin uwa, har gida sukan kama haya don wannan wasan. Ka duba halinta kuma. Ta ɗan yi haushi da ka shigo ba laifi ba ne, amma wadda ke rakuɓewa a lungu tana rawar jiki, ko wadda sai an kulle ta kafin ka zauna, wani kaso na wannan halin zai bi ƴaƴan. Rashin ganin uban ba abin damuwa ba ne, don sau da yawa na wani ne a wani gari. Takardun gwajinsa dai dole a nuna maka.

Tambaya ɗaya tana tone asiri fiye da sauran: «Me ya sa ka haɗa wannan karya da wannan kare?» Mai kiwo na gaske zai yi ta zuba, ya ce ita tana da natsuwa amma ƙugunta matsakaici ne, shi ya sa ya nemo namijin da makinsa ya fi kyau, ya faɗa maka abin da ya kashe kakarsu da shekarun da ta yi. Wanda ya ce «ai dukansu masu kyau ne» ya gama ba ka amsa.

Abin da ya fi komai daraja a wajensa shi ne yarjejeniyar da za ku sa wa hannu, musamman sharaɗin cewa duk ranar da ka kasa riƙe karen, ko bayan shekara bakwai ne, wajensa za ka mayar. Mutumin da ya san karen zai iya dawo masa ba zai yi wasa da lafiyarsa ko halinsa ba.

Aibinsa kuwa a fili yake. Kuɗinsa mai yawa ne, yakan yi kunnen doki da na manyan shaguna, jira kuma yana iya kai wata shida ko shekara. Zai iya ƙin sayar maka, kuma sau da yawa shi zai zaɓa maka kwikwiyon da ya dace da gidanka, ba wanda launinsa ya burge ka ba. Gwaji ma ba lamuni ba ne. Ciwon ƙugu ƙwayoyin gado da yawa ne ke haɗuwa su kawo shi, ƙiba da saurin girma kuma suna ƙara masa ƙarfi, don haka iyaye masu kyakkyawan maki suna rage haɗari ne kawai. Akwai kuma jinsunan da matsalar tana cikin siffar da ake so ɗin kanta. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2010 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar Buldog na Ingila da na Faransa ta tiyata ake yi, saboda girman kan ƴaƴan. A 2023 kotun ƙolin Norway ta tabbatar da haramcin kiwon Kavaliya saboda yawan cututtukan gadonsa. A irin waɗannan jinsuna, ko mai kiwon ya kai kowa gaskiya, da ƙarancin lafiya ya fara.

Gidan ceto

Gidajen da ke karɓar karnukan da aka yasar ba sabon abu ba ne, na Battersea da ke Landan tun 1860 yake aiki. Kuɗin da suke karɓa kaɗan ne idan aka kwatanta, kuma galibi ya haɗa da rigakafi, maganin tsutsa, dandaƙa ko cire mahaifa, da maikurocif, wato ƴar na'urar shaida da ake sakawa a ƙarƙashin fata. Ta fuskar kuɗin ranar farko, idan aka lissafa da waɗannan, babu wanda ya kama ƙafarsu. Su ma suna yin tambayoyi, wasu har gida suke zuwa dubawa, kuma na kirkinsu suna karɓar kare idan zama bai yiwu ba.

Inda suka gaza shi ne ma'auni na farko. Ba a san iyaye ba, ba a san girman da kwikwiyon zai kai ba, jinsin da aka rubuta a katinsa ma sau da yawa kintace ne. Ana yawan cewa kare mai gaurayen jini ya fi lafiya, kuma akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta duba cututtukan gado 24 a wani bincike na 2013: goma sun fi yawa a karnuka masu tsantsar jinsi, goma sha uku babu bambanci, ciki har da gocewar ƙugu, ɗaya kuma, tsinkewar jijiyar gwiwa, ta fi yawa a gauraye. Taruwar karnuka da yawa wuri ɗaya ma tana kawo tari da fabo, don haka a tambayi tsarinsu na killace sababbin zuwa.

Ƴan kwikwiyo ƙanana ba su cika daɗewa a gidan ceto ba, rububinsu ake yi. Amma ga wanda zai iya sauke buri, kare mai shekara ɗaya ko biyu yana da wata fa'ida da babu mai kiwon da zai iya ba ka: girmansa ya bayyana, halinsa ya fito, ƙugunsa ana iya ɗaukar hotonsa yau a gani. Sai dai halin da kare ke nunawa a keji ba lallai ne ya zama nasa na gaskiya ba, wani yakan yi makonni a sabon gida kafin ya saki jiki ya nuna ko shi wane ne. Shi ya sa wanda ya zauna a gidan wani mai riƙon ƙwarya ya fi sauƙin sani, domin akwai wanda zai gaya maka yadda yake da yara, da kyanwa, da kuma idan an bar shi shi kaɗai. A yi hattara da masu fakewa da sunan ceto alhali dillanci suke yi. Idan kullum suna da ƴan kwikwiyon jinsuna masu tsada, kuɗin kuma ya kai na kasuwa, suna kawai suka ara.

Haihuwar gida

Wannan kashi biyu ne. Akwai iyalin da karyarsu ta ɗauki ciki ba da shirinsu ba, akwai kuma wanda ya ga jinsin yana kuɗi ya haɗa nasa da na abokinsa. Na farkon sau da yawa mutanen kirki ne, kuma ta fuskar tarbiyya suna iya fin wasu masu kiwo, don ƴan kwikwiyon a tsakiyar gida suka buɗe ido, yara na ɗaukarsu, sun saba da hayaniya. Uwar tana nan za ka gan ta, kuɗi kaɗan ne ko kyauta, jira babu.

Gwajin gado ne babu. Uban ma wani lokaci ba a san shi ba, kuma haihuwa ɗaya tana iya zama ta uba fiye da ɗaya. Sukan gaji da ɗawainiya su fara rabarwa a mako biyar ko shida da zarar sun ga ƴaƴan na cin abinci. Idan ka yanke shawarar ɗauka a nan, ka roƙa a bar maka shi wajen uwar har mako takwas, ko da kai za ka ɗauki nauyin abincinsa, maganin tsutsa da allurar farko.

Kashi na biyun ya fi haɗari, domin yana karɓar kuɗin mai kiwo ba tare da aikin mai kiwo ba. Misali ɗaya ya isa: launin nan mai dabbare-dabbare da ake kira mal, idan aka haɗa karnuka biyu masu shi, kusan ɗaya cikin kowane ƴaƴa huɗu zai gaji ƙwayar sau biyu, kuma irin waɗannan su ne ke fitowa kurame ko makafi. Wanda launi kawai yake bi bai san wannan ba, ko ya sani bai damu ba.

Shago, dillali da tallan intanet

Nan ne sauƙi ya ƙare: ka zaɓa yau, ka karɓa yau, ba tambaya. Kuɗin kuwa ba lallai ya yi araha ba, wasu shagunan sun fi mai kiwo tsada. Matsalar ita ce mai kiwo na ƙwarai ba ya miƙa ƴan kwikwiyonsa ga wanda zai sayar wa baƙon da bai taɓa gani ba. Saboda haka kayan dillali galibi daga gonakin ƙyanƙyasa suke fitowa, inda ake tsare karyoyi a keji suna haihuwa a kai a kai har ƙarfinsu ya ƙare. Ana cire ƴaƴan da wuri, a haɗa na wurare daban-daban a mota ɗaya, ga gajiyar tafiya ga rigakafi bai kammala ba. Hanyar fabo ke nan. Wani bincike da mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta wallafa a 2013 ya gano karnukan da aka saya a shago sun fi na ƙananan masu kiwo yawan tsoro da faɗa bayan sun girma.

Gwamnatoci da dama sun riga sun yanke hukunci a kan wannan hanya. Kalifoniya ta hana shaguna sayar da ƴan kwikwiyon kasuwanci daga 2019. Ingila ta hana duk wani mai shiga tsakani sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba daga Afrilun 2020. Faransa ta hana sayar da su a shaguna daga farkon 2024, jihar New York ta biyo baya a ƙarshen wannan shekarar.

Alamomin dillali suna maimaita kansu: jinsuna biyar ko shida a hannun mutum ɗaya, kaya a ƙasa kowane lokaci, «uwar ta je wajen likita», «mu haɗu a hanya don in rage maka wahala», da matsin cewa wani na zuwa da kuɗi yanzu. Idan an ce daga ƙasar waje aka shigo da shi, yi lissafi. Ƙasashen da ke bin tsarin Turai suna buƙatar allurar haukan kare a mako 12 da jiran kwana 21, wato mako 15 kafin tafiya, Amurka kuma tun daga Agustan 2024 ba ta barin kare ƙasa da wata shida ya shiga. Kwikwiyon da aka ce ya tsallaka irin wannan iyaka yana mako takwas, ko shekarunsa ƙarya ne ko takardunsa.

Wani lokacin ma babu karen kwata-kwata. A karɓi kafin alƙalami, gobe a ce kuɗin akwatin jirgi, jibi inshora, gata a kashe waya. Cinikin biri a sama ke nan. Ka nemi a kira ka ta bidiyo kai tsaye a nuna kwikwiyon da uwarsa tare, kuma ka saka hoton tallan a manhajar binciken hoto ka ga ko na wani ne aka sato.

Tarkon da ya fi kama masu tausayi shi ne su je su tarar da kwikwiyo a cikin ƙazanta, su biya don su cece shi. Na fahimci zuciyar, amma kuɗin nan shi ne jarin haihuwa ta gaba, kuma uwar tana can ba wanda ya cece ta. Sanar da hukumar kula da dabbobi ya fi amfani.

A taƙaice

| Ma'auni | Mai kiwo na ƙwarai | Gidan ceto | Haihuwar gida | Shago ko dillali |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Mai yawa | Kaɗan | Kaɗan ko kyauta | Matsakaici zuwa mai yawa |
| Gwajin gado | Akwai, a rubuce | Babu | Da wuya | Babu, ko na jabu |
| Ganin uwa | Dole | Da wuya | Galibi | Babu |
| Tarbiyyar farko | Mai tsari | Ba a sani ba | Tana iya yin kyau | Mafi rauni |
| Haɗarin cuta a makon farko | Kaɗan | Matsakaici | Matsakaici | Babba |
| Jira | Watanni | Kwanaki ko makonni | Babu | Babu |
| Mayarwa idan an kasa | Har ƙarshen rayuwa | Galibi | Ba tabbas | Babu |

Ranar ɗauka, ko daga ina ne

Ɗaga leɓensa ka ga dasashi, ya zama ja-ja mai haske, ba fari fat ba. Ido ba kwantsa, kunne ba wari, ƙarƙashin wutsiya a bushe ba alamar zawo. Shafa cikinsa: kumburi sosai ga ramammen jiki alamar tsutsa ce, ɗan ƙullutu a cibiya kuma a nuna wa likita. Tafa hannu a bayansa ka ga ko zai waiwaya. Katin rigakafi ya kasance da kwanan wata, tambarin kwalbar allurar da sa hannun likita, kuma ka kira asibitin ka tabbatar. Idan yana da maikurocif, lambarsa mai alƙaluma 15 ta dace da ta takarda. Cikin kwana biyu ko uku ka kai shi wajen likitan da kai ka zaɓa, kuma a rubuta tun farko abin da zai faru idan likitan ya gano babbar matsala.

Wa ya dace da wanne

Idan aiki kake nema wa kare, gadi, kiwo, farauta ko taimakon mai lalura, ko kuma kana son babban jinsi irin Rotwaila ko Jaman Shefad a gidan da ke da ƙananan yara, ka jira mai kiwo na ƙwarai. A nan hali da ƙashi ba abin caca ba ne, kuma watannin jiran za su ba ka damar gyara shinge da neman mai horarwa.

Idan abokin zama kawai kake so, jinsi bai dame ka ba, kuɗin hannunka kuma da iyaka, gidan ceto ya fi dacewa, musamman kare da ya ɗan girma wanda aka san halinsa. Ga wanda bai taɓa riƙe kare ba, wannan ya fi ɗan mako takwas sauƙi nesa ba kusa ba.

Haihuwar gida ta dace da wanda ya san mutanen, ya san uwar tun kafin ta haihu, ya gamsu da halinta, kuma ya ware wani abu don rashin lafiyar da ba a hango ba. Da zarar kuɗin da ake nema ya kusanci na mai kiwo, sai a nemi takardun gwaji irin na mai kiwo.

Shago da dillali ban ga wanda suka dace da shi ba. Mai gaggawa ya tafi gidan ceto, can ma ana samu cikin kwanaki.

Wanda kuma ke barin gida tun safe sai dare ba kowa a ciki, matsalarsa ba ta wajen saye ba ce. Ɗan mako takwas yana cin abinci sau uku ko huɗu a rana, yana buƙatar a fitar da shi fitsari kusan kowace awa ɗaya ko biyu, kuma makonni huɗun da suka rage masa na koyon duniya a hannunka za su wuce. Irin wannan mutum ya nemi babban kare mai natsuwa tare da wanda zai leƙa shi da rana, ko ya ɗaga sayen zuwa lokacin da zai samu hutun makonni a gida.